HBO, Showtime ko Starz: wanne ya cancanci kuɗinka?

Wani ƙanena da ya zo karatu nan Amurka ne ya kira ni kwanaki, ya ce Yaya don Allah wanne zan biya a cikin tashoshin nan, abokan karatuna kowa da wadda yake yabo, wannan ya ce HBO wancan ya ce Starz, ni kuma kuɗin da ke hannuna ba zai ɗauki fiye da ɗaya ba. Na fara yi masa bayani a waya sai na ga maganar ta yi tsawo, shi ne na ce bari in zauna in rubuta, tunda ba shi kaɗai ba ne, duk wanda ya sauka ƙasar nan da iyali ko shi kaɗai sai ya zo kan wannan tambayar.

Kafin komai sai ka gane me ya bambanta waɗannan ukun da sauran tashoshi. Tashoshin gama-gari irin su CBS da NBC da ABC talla ce ke ciyar da su, kuma hukumar sadarwa ta FCC tana sa musu ido kan batsa da zagi saboda iska ta kowa ce, duk mai eriya zai kama. Su kuwa waɗannan ukun tun asali kai mai kallo ne ke biyansu kuɗin wata a kan kuɗin kebul ɗinka, babu mai talla da za su ji tsoron ɓata wa rai, kuma waccan dokar ba ta hau kansu ba. Daga nan duk alherinsu da sharrinsu ya fito. Shi ya sa suke iya yin labari mai zurfi da sauran ba sa iyawa, shi ya sa kuma za ka ga abin da ba za ka so ɗanka ko surukarka su shigo falo su tarar kana kallo ba.

Abubuwan da zan auna su da su guda biyar ne. Kuɗi, wato nawa ne a wata kuma nawa yake zama a shekara. Kayan da ke ciki, ba yawansu kawai ba har da ingancinsu. Ɗorewa, ma'ana abin da ka biya dominsa yau zai kai baɗi yana nan ko kuwa za a wayi gari an cire ko an canza suna an ƙara kuɗi. Sauƙin amfani, na'ura nawa, za a iya saukewa a kalla babu intanet, fita daga ciki da wuya ko da sauƙi. Sai haɗari, wanda a wurinmu kashi biyu ne, na aljihu da na tarbiyya. Ƙwallo kuma ban sa ta a lissafi ba amma za ta shigo da kanta, don na san mutanenmu.

HBO

Wannan ita ce uwa, kuma dole in daɗe a kanta don in ba ka san tarihinta ba ba za ka gane sauran biyun ba. An buɗe ta ranar 8 ga Nuwamba 1972 a wani ƙaramin gari mai suna Wilkes-Barre a jihar Pennsylvania, gidaje 365 kacal suka kalla a daren farko, aka nuna musu wasan hoki na kan ƙanƙara daga New York da fim guda ɗaya. Charles Dolan ne ya kawo tunanin, mutumin da ke shimfiɗa wayoyin kebul a Manhattan yana ta asara, kamfanin mujallar Time kuma shi ya zuba kuɗi daga baya ya karɓe ta gaba ɗaya. Shekarun farko wahala ce zalla, mutane su shiga wata ɗaya su fita, saƙon tashar kuma ta turakun sadarwa na ƙasa ake tura shi daga gari zuwa gari, abu mai tsada da ba ya nisa.

Abin da ya canza komai dambe ne. Ranar 30 ga Satumba 1975 a agogon Amurka, Muhammad Ali da Joe Frazier suka yi karonsu na uku a Manila, wanda aka kai turmi na 14 kafin mai horar da Frazier ya hana shi tashi, HBO ta ɗauko wannan damben ta tauraron ɗan'adam ta kai wa masu kebul a Florida da Mississippi kai tsaye. Daga ranar ta zama tasha ta farko da ke aika shirye-shiryenta kullum ta tauraro, kuma shugabanta na lokacin Gerald Levin shi ya dage a kan wannan cacar. Duk mai ƙaramin kamfanin kebul a kowane lungu na ƙasar ya gane cewa in ya sayi dish guda ɗaya yana da abin sayarwa. Ted Turner ya bi sahu da tasharsa ta Atlanta a 1976, ESPN ta zo a 1979, CNN a 1980, MTV a 1981. Wallahi duk wanda ya taɓa zama gaban dikoda a Kano ko Maraɗi yana canza tasha ɗari, akwai hannun wannan daren a cikin abin da yake riƙe da shi.

Akwai wani labari da nake so saboda yana nuna cewa rigimar kuɗin wata ba yau ta fara ba. A Janairu 1986 HBO ta kulle saƙonta don masu dish a gida su daina kama ta kyauta, sai a watan Afrilu wani injiniya a Florida mai sayar da dish, wanda kasuwarsa ta mutu saboda kullewar, ya danne saƙon tashar cikin dare na 'yan mintuna ya sa rubutu a allon mutane yana ƙorafin dala 12.95 a wata, ya kira kansa Captain Midnight. An kama shi, an ci shi tarar dala 5,000.

Tasiri na biyu, wanda shi ne ya fi shafar mai zaɓe yau, shi ne fim mai dogon zango. Da bidiyo ya shigo gidaje mutane suna hayar kaset, nuna tsofaffin finafinan silima ya daina isa, sai HBO ta koma yin nata. Oz a 1997, labarin gidan yari. Sai The Sopranos a Janairu 1999, kashi 86 har zuwa 2007, labarin shugaban 'yan daba na New Jersey da ke zuwa wurin likitar ƙwaƙwalwa, wanda a 2004 ya zama shirin kebul na farko da ya ci kyautar Emmy ta gwarzon diramar shekara. Kafin shi an ɗauka jarumin talabijin dole ya zama mutumin kirki kuma kowane kashi ya ƙare da warware matsala, bayan shi kowa ya koma yin labari mai tafiya a hankali kamar littafi, zango ɗaya kashi goma ko sha uku maimakon ashirin da wani abu. The Wire ya biyo daga 2002 zuwa 2008, a kan birnin Baltimore, kuma ni a wurina babu kamarsa, don ba labarin ɗan sanda da ɓarawo ba ne kawai, kowane zango yana ɗaukar wani ɓangare na gari, ƙwaya, tashar jirgin ruwa, siyasa, makaranta, gidan jarida, yana nuna maka yadda tsari ke cinye mai gaskiya ko da kowa yana ganin yana iya ƙoƙarinsa. Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati a ko'ina zai gane wannan labarin. Sai Game of Thrones daga 2011 zuwa 2019, kashi 73, Emmy 59, mutum miliyan 19.3 suka kalli kashin ƙarshe a daren da ya fito a Amurka kaɗai. Sai Chernobyl da Succession da The Last of Us. Har a kan Afirka sun yi aikin da ya kamata a gani, fim ɗin Sometimes in April na 2005 a kan kisan kiyashin Ruwanda nasu ne. Ka san girman abu daga bakin abokin gaba, a 2013 babban jami'in Netflix Ted Sarandos ya faɗa a fili cewa burinsu su zama HBO kafin HBO ta zama su.

Toh yanzu awo. Kuɗi, ita ce mafi tsada. A ƙarshen 2025 manhajar HBO Max tana da hawa uku, mai talla dala 10.99, na tsakiya marar talla 18.49, na sama 22.99. Na tsakiyan nan a shekara ya haura dala 220. Ɗalibi yana iya samun mai tallan a rabin kuɗi in ya tabbatar da makarantarsa, kuma akwai haɗin da ake sayar da ita tare da Disney+ da Hulu wanda ya fi sayensu ɗaya-ɗaya araha. Kaya, babu mai kamo ta, don ban da nata akwai rumbun Warner Bros. gaba ɗaya, Harry Potter, finafinan DC, katun na Cartoon Network, tsofaffin finafinai, da shirye-shiryen Discovery. Sauƙi, hawa biyu na ƙasa na'ura biyu ne a lokaci ɗaya, na sama huɗu, saukewa babu a mai talla, 30 a na tsakiya, 100 a na sama. Raba fasawod da wanda ba gidanku ɗaya ba sun fara toshewa, tun 2025 suke sayar da gurbin ƙarin mutum a dala 7.99.

Ɗorewa ce rauninta, kuma abin yana ba ni haushi don sunan ya fi ƙarfin yadda ake wasa da shi. Ka duba, Time ta haɗe da Warner a 1990, AOL ta shigo a 2001, AT&T ta saya a 2018 a kan kusan dala biliyan 85, a 2022 aka sake haɗa ta da Discovery. Manhajar kanta ta kasance HBO Go, ta kasance HBO Now a 2015, HBO Max a Mayu 2020, aka cire HBO ɗin ta zama Max kawai a Mayu 2023, sannan a Yuli 2025 aka dawo da HBO Max. A 2022 sun cire shirye-shirye da yawa daga manhajar don rage kashe kuɗi, har da Westworld wanda nasu ne na kansu, suka kuma binne fim ɗin Batgirl da an riga an gama ɗauka. A Disamba 2025 kuma Netflix ya sanar ya ƙulla cinikin sayen Warner Bros. da HBO a ciki, Paramount ya shigo da nasa tayin yana ja. Manyan shirye-shiryen da suka yi mata suna ba na jin za su ɓace, amma suna da farashi da tsarin hawa-hawa kam kada ka ɗauka za su zauna yadda ka same su. Damben ma da ya ɗaga ta, ta daina shi a 2018 bayan shekara 45.

Haɗarin tarbiyya yana da girma, ba zan ɓoye ba. Yawancin manyan shirye-shiryenta alamar TV-MA ce a kansu, wato na manya zalla, tsiraici da zina da zubar da jini ba a sakaya su, Game of Thrones musamman zangunan farko da kuma Euphoria ba abin kallon falo ba ne ko kaɗan. Amma saboda rumbun yana da faɗi, kana iya buɗe wa yara shafinsu daban ka sa lambar sirri a naka, su sami abin kallo mai yawa.

Showtime

Ita ce ta biyu a haihuwa, kamfanin Viacom ya buɗe ta a Kalifoniya a Yuli 1976, ta hau tauraro a 1978, kuma kusan duk rayuwarta a bayan HBO take gudu. Amma ta yi zamaninta, daga wajen 2005 zuwa 2015 ta fitar da Weeds da Dexter da Homeland da Shameless, daga baya Billions da Yellowjackets. Homeland ma ya ci Emmy ta gwarzon dirama a 2012. Salonta a ganina ya fi saurin kama mutum, ana fara labari da zafi, sai dai suna da ɗabi'ar jan shiri har ya gaji, Dexter zango takwas, Shameless sha ɗaya. A dambe kuwa ta yi kafaɗa da kafaɗa da HBO, ita ta sayar da karon Tyson da Holyfield na 1997 da aka ciji kunne, su biyun suka haɗu dole suka nuna Mayweather da Pacquiao a 2015 saboda kowanne ɗan damben yana hannun ɗaya, kuma ita ta nuna wa Amurka Anthony Joshua da Klitschko kai tsaye daga Wembley a 2017. A ƙarshen 2023 ita ma ta rufe sashen wasanninta.

Akwai abin da ya kamata Musulmi ya sani kafin ya zauna kan Homeland. An daɗe ana sukar yadda yake nuna Musulmi da garuruwansu kamar ba abin da ke cikinsu sai makirci da bam, har a 2015 wasu masu zanen bango da aka ɗauka haya su yi rubutun Larabci a wurin ɗaukar shirin a Berlin suka rubuta cewa shirin na wariya ne, aka nuna shi a haka ba wanda ya lura a cikin masu shirin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yawan masu jin Larabci a ɗakin da ake rubuta labarin. Na kalle shi, akwai gwaninta, amma da ɓacin rai na gama wasu zangunan.

Abu mafi muhimmanci ga mai zaɓe shi ne Showtime yanzu ba ta tsaye da ƙafarta. Tun Yuni 2023 aka zuba ta cikin Paramount+, a Janairu 2024 tashar kebul ɗin ma aka canza mata suna zuwa Paramount+ with Showtime, hawan da ke ɗauke da ita a manhaja kuma yanzu Premium ake ce masa. Kenan in ka biya, Paramount+ ka saya, Showtime tsaraba ce a ciki. A ƙarshen 2025 hawan saman dala 12.99 ne, na ƙasa mai talla 7.99, a farkon 2026 kuma suka ƙara dala ɗaya a kan kowanne. Na'ura uku a lokaci ɗaya, saukewa sai a hawan sama.

Ga inda ƙwallo ta shigo. Gasar Zakarun Turai a Amurka a hannun CBS take, ana kallon ta a Paramount+, har da Europa, kuma ko hawan ƙasa mai araha yana nuna ta. Ga Nickelodeon ga yara, su SpongeBob da PAW Patrol, ga tashar CBS ta garinku kai tsaye a hawan sama don labarai da yanayi. Don haka a gidan Bahaushe mai mata da yara wannan ce za a fi kunnawa a sati, ba don Showtime ba, don abin da aka haɗa ta da shi. Firimiyar Ingila fa ba ta nan, tana wurin NBC da manhajarta Peacock, kada ka biya kana jiran Arsenal ranar Asabar. Ɗorewar sunan Showtime kanta ita ce mafi rauni a cikin ukun, sababbin shirye-shiryenta sun ragu sosai kuma yawanci rassan tsofaffi ne, kamfanin uwar ma ya canza hannu a Agusta 2025 da Skydance ta haɗe shi. Batsa a shirye-shiryen Showtime ba ta gaza ta HBO ba, Shameless sunansa ma ya faɗa maka.

Starz

Ƙaramarsu ce, Fabrairu 1994 aka buɗe ta, ta daɗe tana tashar finafinai kawai. Ta fara yin nata da gaske ne bayan Chris Albrecht, wanda shi ne ya jagoranci shirye-shiryen HBO a zamanin Sopranos, ya karɓi ragamarta a 2010. Spartacus, Outlander, sai Power a 2014 wanda Courtney Kemp ta ƙirƙira tare da 50 Cent, kuma shi ne ya zama jarinta, ya haifi rassa da yawa, ga shirin BMF a gefe. Ta zaɓi masu kallonta a fili, mata da baƙaƙen fata, kuma ta riƙe su. Kamfanin finafinai na Lionsgate ya saye ta a 2016 kan dala biliyan 4.4, a Mayu 2025 suka rabu ta koma cin gashin kanta.

A ƙarshen 2025 kuɗinta wajen dala 11 ne a wata, hawa ɗaya, babu tallan kamfanoni a tsakiyar shiri, ana saukewa. Kullum tana cikin garaɓasa, za ka ga wata uku ko shida a 'yan daloli, kuma nan tarkon yake don ranar da garaɓasar ta ƙare cikakken kuɗi za a cira ba tare da an tambaye ka ba. Rumbunta ƙarami ne, in ka gama Power da 'ya'yansa sai ka ga kana ta zagaye ba abin kallo. Babu ƙwallo, babu labarai, abin yara kaɗan ne. Ta fuskar kunya kuwa ni a wurina ita ce ta fi tsanani, Spartacus da P-Valley ko kai kaɗai ne a ɗaki sai ka riƙa kai hannu kan rimot. Kuma ƙaramin kamfani ne a tsakiyar manya, irin wanda ake saye ko a haɗe.

Ga su a jere, farashin na ƙarshen 2025 ne kuma ban da harajin da wasu jihohi ke ɗorawa:

| | HBO Max | Paramount+ mai Showtime | Starz |
|---|---|---|---|
| Shekarar buɗe tashar | 1972 | 1976 | 1994 |
| Kuɗin wata | $10.99, $18.49, $22.99 | $12.99 | wajen $11 |
| Ingancin shirye-shirye | mafi girma | tsofaffin sun fi | 'yan kaɗan masu ƙarfi |
| Faɗin rumbu | babba sosai | babba | ƙarami |
| Zakarun Turai | babu | akwai | babu |
| Abin yara | da yawa | da yawa | kaɗan |
| Saukewa | daga hawan tsakiya | akwai | akwai |
| Ɗorewa | suna da farashi na yawan canzawa | sunan Showtime na dusashewa | ƙaramin kamfani |
| Batsa a na manya | sosai | sosai | sosai ƙwarai |

Wasu abubuwa sun shafe su duka. Na farko, duk ukun kuɗi suke cira da kansu kowane wata har sai ka hana, kuma inda ka yi rijista nan za ka je ka soke, in ta Amazon ka shiga ko Apple ko Roku ko kamfanin kebul, goge manhajar daga waya ba ya tsayar da komai. Na ga wanda ya yi wata bakwai ana cirar masa kuɗi bai sani ba, sai da ya zauna duba takardar banki. Na biyu, in ka haɗa ukun, HBO na tsakiya da sauran biyun, a farashin ƙarshen 2025 ka haura dala 42 a wata, sama da 500 a shekara, kai ka san me wannan kuɗin zai yi in aka tura gida. Na uku, in za ka je hutu Najeriya ko Nijar kada ka dogara da asusunka na nan, lasisin ƙasa-ƙasa ne, manhajar tana iya ƙin buɗewa. Shekaru da dama shirye-shiryen HBO ta hannun M-Net a DStv da Showmax suka riƙa isa Najeriya, don haka wanda ke gida lissafinsa daban ne da wannan.

Toh wa ya kamata ya ɗauki wanne.

In kai ɗalibi ne kai kaɗai kamar ƙanen nan nawa, kuma kana son abin da zai ƙara maka Turanci da fahimtar ƙasar da ka zo, ɗauki HBO Max mai talla da rangwamen ɗalibai. Ka fara da The Wire ka kunna rubutun ƙasa don Turancin Baltimore ba irin na aji ba ne, sannan Chernobyl wanda kashi biyar ne kawai. Sai dai ka yi wa kanka iyaka lokacin jarabawa, abin yana cin dare.

In kai magidanci ne, yara na gida, kuma ranar Talata da Laraba ba ka da magana sai Zakarun Turai, Paramount+ ce taka, kuma gaskiya hawan ƙasa ma ya ishe ka. Kada ka ƙara kuɗi don Showtime sai in akwai takamaiman shirin da kake so ko kana buƙatar saukewa. Ranar da ka yi rijista, kafin ka miƙa wa kowa rimot, buɗe shafin yara ka sa lambar sirri a naka.

In Power ne ya kawo ka, ko uwargida na bin Outlander, jira garaɓasar Starz, ka biya, ka sa ƙararrawa a waya kwana biyu kafin ta ƙare, ka kalla ka fita. Ba tashar da za a riƙe shekara ba ce sai ga wanda ke bin kowane reshe na labarin.

In kai mai son fim ne na gaske, irin wanda ke kallon yadda aka rubuta labari da yadda aka ɗauki hoto, ko kana harkar fim da kanka kana son ka ga yadda ake gina zango goma ba tare da labari ya zube ba, biya HBO Max na tsakiya marar talla. Waɗannan shirye-shiryen an gina su ne don a kalle su babu yankewa, talla a tsakiyarsu tana ɓata su. Hawan sama na 22.99 kuwa sai in kana da babbar talabijin mai 4K da intanet mai ƙarfi, ko gidanku mutum huɗu ne masu kallo lokaci ɗaya.

In kuma gidanka gidan da Hajiya ke zuwa ta yi wata shida ne, ko yara sun fara girma suna iya buɗe komai, kuma ka san ba za ka iya tsare rimot ba, to Starz dai ka bar ta gaba ɗaya, sauran biyun ma a wayarka kawai ka sa su, talabijin ɗin falo ka bar shafin yara a kai. Wanda kuma yake son ukun duka amma aljihu bai kai ba, babu kwantiragi a kowacce in wata-wata kake biya, sai ka yi HBO wata biyu ka soke, ka shiga Starz wata ɗaya, Paramount+ kuma ka riƙe ta daga Satumba zuwa ƙarshen Mayu lokacin da ake buga gasar, ka sake ta da bazara.